Tohon da Hannuna Ya Ƙi Sarewa

A Legas na fara gane cewa bak, shaidar gama sakandare da nake taƙama da ita, takarda ce kawai. Kwana biyu muka yi a hanya daga Kano, cikin wata doguwar mota da aka cusa mu tare da buhunan barkono. Na sauka ina atishawa, ina neman wanda zai nuna mini tashar motocin Gana. Duk wanda na tare da Faransancina sai ya dube ni sama da ƙasa ya wuce. Ingilishin da na kwaso daga lise, wato sakandarenmu, kuwa bai wuce gaisuwa da sunayen ranakun mako ba, kuma babu wanda ke da lokacin tsayawa a Legas ya ji sunan Talata daga bakina.

Ingilishin nan shi ya fito da ni daga gida. Ni ɗan Dogo-Dogo ne, a yankin Dungas. Bayan na gama lise, wani furoje na ƙungiyar raya karkara ya zo Magarya neman masu fassara, muka yi layi, aka ɗauki wani da ya yi zaman Kaduna saboda yana jin Ingilishi, ni aka ce in sake gwadawa wata rana. Na koma gida da haushi, na tarar lokacin sassabe ne. Baba yana durƙushe gaban wani kututturen gawo, yana zaɓen tohon da zai bari, yana lallaɓa shi kamar mai yi wa jariri aski. Ya ce in ɗauko gitta, ɗan ƙaramin gatarin nan, in kama masa.

Na ce, “Baba, wannan wahalar ta mece ce? Itacen da akuya ke yar da irinsa cikin kashinta? Da kansa yake fitowa, ko kuna nan ko ba ku nan.”

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “To, Mutari. Tahi ka nemo abin da ba ya hitowa da kanshi. In ka samo, ka kawo mu gani.”

Maganar da muka yi ke nan ta ƙarshe. Na rantse a raina ba zan dawo ba, ba kuma zan kira shi a waya ba, sai Ingilishi ya zauna a bakina. Da Inna kaɗai nake gaisawa.

A Lome na ga teku. Direba ya tsaya shan mai, na leƙa ta taga na ga ƙasa ta ƙare. Ruwa ne har inda ido ya gaji, yana tasowa yana faɗuwa, babu mai tura shi. Ni da na girma inda mata ke jan guga gaba ashirin kafin su ga ruwa, sai na manne da taga ina kallo. Na yi ta salati a fili, har wata mata da ke kusa da ni ta janye ɗanta.

Akra ita ta ci ni da yaƙi. Tun a Damagaram wani mutum mai kyan riga ya karɓi kuɗin rajista, ya ba ni takarda mai hatimi biyu da adireshin makarantar koyon harshe, har da ɗakin kwana. Na bi adireshin da ƙafa, ina nuna wa mutane takardar. Da na isa, shagon faci na tarar, tayoyi jibge a ƙofa. Mai shagon ya karanta takardar, ya kira maƙwabcinsa, suka yi dariya har da tafawa. Daga baya ya ga idona ya kawo ruwa, sai ya daina, ya sayo mini ruwan leda, ya nuna mini hanyar kasuwar albasa. Ya ce a can mutanenmu suke.

Mutanenmu kuwa suna can, har sun yi yawa. Wata bakwai na yi ina sauke buhunan albasa daga kamyo, ina kwana a rumfa tare da mutum tara. Da safe Hausa, da rana Hausa, da yamma Zabarmanci. Na ratsa ƙasa uku don in koyi Ingilishi, na ƙare da ƙarin Zabarmanci da ciwon baya. Idan Inna ta tambaye ni karatu sai in ce ana nan ana fama. Ina jin muryar Baba daga nesa yana yi wa awaki tsawa, sai in ce katin waya ya kusa ƙarewa.

Hajiya Memuna mai koko ce ta fid da ni. Kullum takan gan ni da wani tsohon littafin Ingilishi da na tsinta, ina karantawa ina shan koko. Wata safiya ta ce, da irin Hausarsu ta zango, “Kai yaro, nan ba wurin karatu ba ne. Malaminmu na firamare yana arewa, kusa da Bolga. Ya tsufa, yaranshi duk sun gudu birni. Kai ka yi mishi noma, shi ya ba ka Turanci.” Ita ta kira shi, ita ta roƙi direban wata kamyo da za ta koma arewa ba kaya, ta kuma ƙulle mini ƙosai a leda. Ban san abin da na yi mata ba, har yau ban sani ba.

Da muka wuce Tamale ƙasa ta fara kama da gida. Ga kuka, ga jakuna, ga rumbuna. Na yi zaton hakan zai sanyaya mini rai, ashe ƙara mini kewa zai yi.

Malamin, Masta Atinga, dogo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Kirista ne, amma ranar da na sauka shi ya nuna mini gabas, ya sa matarsa, Mma Azuma, ta ba ni buta. Doka ɗaya ya kafa: yana jin Hausar kasuwa sarai, amma ba zai yi ta da ni ba ko sau ɗaya. Da safe gona, bayan la'asar darasi a gindin mangwaro. Mutum ne mai son kalmomi, yana ware su yadda mai goro ke ware fari da ja. Ba zai ba ka kalma ɗaya ba sai ya haɗa ta da 'yan'uwanta, ya nuna maka inda suka rabu.

Akwai makon da ya ƙare kacokan a kan abin da ke faruwa ba da shiri ba. Ya ce in abin ya zo da ɓarna, kamar tulu ya suɓuce ya fashe, accident ne. In abu ne da halitta ta yi shi ba hannun mutum, kamar ruwan sama ko dutse, natural ne. Ta ukun ita ta karya mini harshe, spontaneous, wai abin da ya taso daga cikin mutum ko daga cikin ƙasa nan take, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya shirya. Ya ce in ba da misali. Na ce gyauro, geron da ke fitowa a gona daga tsabar da ta zube bara. Ya ji daɗi har ya cire tabarau. Na rubuta su a kaye, littafin darasina, ina ganin kalmomin jarrabawa ne kawai.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ya kai ni wata saura da ya bari shekara shida ba noma. Ta cika da toho, duk tsofaffin kututture sun yi gashi. Ya ce zai je Tamale a duba masa ido, zai yi kwana tara, kafin ya dawo in share ta. Ya riga ya kama layin tarakta.

Na ɗauki adda na shiga. Bakina yana haddar kalmomi, hannuna yana aikinsa. In na zo kan kututture mai toho goma, sai in duba biyu ko uku da suka fi miƙewa in bar su, in sare sauran, in rage musu rassan ƙasa, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Rassan da na sare in tara su gefe. Wallahi ko sau ɗaya ban yi tunanin ina saɓa wa Masta ba. A garinmu abin da ake nufi da share gona ke nan. Tun ina shekara bakwai nake bin Baba ina ganin haka, kuma wanda ya aske gonarsa ƙwal, mutane kan tambaya ko lafiyarsa ƙalau.

Kalgo ne ya fi yawa, sai ƙirya da 'yan kaɗanya. A rana ta huɗu, can ƙarshen gonar wajen wani kwari, na ɗaga adda sai na ga farar ƙaya bibbiyu da ƙananan ganye. Gawo. Na ajiye addar na zauna a ƙasa. Kututturen ya kai faɗin turmi, an sare shi tun ban san ranar ba, an ƙone shi ba sau ɗaya ba, amma ga shi ya turo 'ya'ya. Na murza ganyen na shinshina, sai ga gonarmu gaba ɗaya a cikin hancina. Na yi kuka sosai, babu kowa sai tsuntsaye. Na bar masa toho uku, na yage bakin rigata na ɗaure su.

Ruwa ya sauka ranar da Masta ya dawo. Washegari tarakta ta zo, muka bi ta a baya. Direban ya tsaya a bakin gonar, ya miƙe tsaye a kan kujerarsa, ya dubi 'yan itatuwa tsaye ko'ina kamar ɗalibai a filin lakol.

Ya ce, “Masta, wa ya yi maka wannan aikin? Rago ne ko mahaukaci? In shiga nan in karya garma? Mutum goma sha na jirana.” Ya juya ya tafi, kuma kowa ya san ba zai dawo ba sai shuka ta wuce.

Masta Atinga ya juyo gare ni. Da ya buɗe baki, da Hausa ya yi magana, a nan na san ta ɓaci.

“Wa ya ce ka bar su?”

Na ce, “Ba kowa, Masta.”

“Gobe ka sare su duka, in je in roƙi mutumin nan. In ba haka ba, jibi akwai mota zuwa Bolga.”

Na san abin da motar Bolga take nufi. Ingilishina a lokacin bai wuce na jariri mai koyon tafiya ba. Ko in koma ɗaukar albasa, ko in koma Dogo-Dogo in tsaya gaban Baba hannu biyu, ya tambaye ni abin da na samo. Saboda haka da sassafe na wasa adda na tafi, na ce itace ne, ba ɗan'uwana ba. Na fara da kalgo, na sare uku, kowane sara ina jin sa a haƙorina. Sai na ce bari in je in gama da gawon tukuna, in ya faɗi sauran ba za su yi wuya ba.

Na tsaya a kansa, na ɗaga adda. Hannun ya ƙi sauka. Ba tunani na yi ba, ba shawara na yanke ba. Na sake ɗagawa, na yi bisimilla, ya ƙi. Ni da na tsaya a gonarmu na ce wa mahaifina wahalar banza yake yi, ga ni a ƙasar wasu zan rasa abin da na fito nema saboda toho uku. Na ji tsoron kaina, na kuma ji mamaki irin wanda na ji a bakin teku.

A haka Mma Azuma ta same ni. Ashe tun jiya ta gano tarin rassan da na ajiye, ta yi sawu uku tana kwasa. Ita da takan yi tafiyar rabin yini neman itacen girki, ga shi a bayan gida. Ta dubi addar, ta dubi tsumman da ke jikin tohon, ta ce, “In an bar su, baɗi ma za a samu irin wannan?”

Na ce, “Kowace shekara, Mma. Har ya fi haka.”

Ta ce in mai da addar kube. Abin da ta faɗa wa mijinta da yarensu ban ji ba, na dai ji muryarta ta fi tasa tsawo. Da azahar sai ga ƙanenta ya koro shanun huɗa biyu da garma.

Kwana takwas na yi ina huɗa, ina kewaye kowane itace. Ƙasarsu ba irin yashinmu ba ce, tana da nauyi, tana kama garma. Tafin hannuna ya fashe, ya warke, ya sake fashewa. Mun yi shuka a makare, kuma ba zan ɓoye ba, dawar shekarar ba ta kai ta maƙwabta ba. Masta bai kore ni ba, amma ya daina darasi. In na gaishe shi sai ya amsa da ka. Wata uku ina zaune a gidan malamin Ingilishi, ba mai yi mini Ingilishi sai rediyo.

Itatuwan ne suka yi mini magana a wurinsa. Abin da ke da tsohuwar saiwa a ƙasa ba ya girma irin na dashe. Tohon da na bari iya gwiwa, kafin kaka ya wuce kafaɗata. Wata yamma na je duba dawa, na hango Masta tsaye gaban wata ƙirya, ya ɗora tafin hannu a kan tabaransa yana kallon samanta. Ya dafa ta, ya girgiza ta, ta ƙi girgizuwa. Ya ce da Ingilishi, a hankali yadda zan gane, shekara talatin yana sa 'yan makaranta dashen itace, suna ɗebo ruwa, awaki suna cinyewa, bai taɓa ganin guda ya yi haka a damina ɗaya ba.

Ya ce, “A ina ka koyi wannan?”

Na ce a gida, kowa haka yake yi.

Ya ciro wayar da ɗansa ya aiko masa, ya buɗe taswirar nan da ke nuna ƙasa daga sama, ya ce in nuna masa gidan. Na lalubo Damagaram, na gangaro Magarya, na bi hanyar Dungas, na yi ta jan hoton da yatsa. Sai ga Dogo-Dogo. Hoton na rani ne, ƙasa fara fat, amma an yayyafa mata ɗigo-ɗigo baƙaƙe, dubbai, har iyakar inda na ja. Gawo ne, shi da ke yin ganye lokacin da kowa ya zubar. Ban taɓa ganin garinmu daga sama ba. A ƙasa itace ne nan, itace can, ka wuce ba ka kula ba. Daga sama kuwa daji ne guda, kuma na san Inna ta sha faɗa cewa lokacin da aka kawo ta garin, daga ƙofar gida kana hango mai zuwa tun yana nesa, babu abin da ya tare ido.

Na gano gonarmu ta wajen tsohuwar rijiya. Na gane babban gawon da muke ɗaure jaki, na gane layin da Baba ya bari a kan iyaka. Kowane ɗigo na san ranar da aka durƙusa a gabansa.

Masta ya ce, “Wa ya shuka su?”

Na ce, “Ba wanda ya shuka.”

Ya ce, “To natural ke nan. Da kansu suka fito.”

Maganata ce ya maido mini, kalma da kalma, sai dai da wani harshe. Na buɗe baki in ce e, na kasa. Na tattaro ɗan Ingilishin da nake da shi, ina tuntuɓe, na ce masa fitowa dai da kansu suka fito, wannan ikon Allah ne. Amma tsayawa ba da kansu suka tsaya ba. Kowane ɗaya akwai wanda ya gan shi yana ƙarami ya kauce masa da hauya, ya rage masa 'yan'uwa, ya kare shi daga akuya da wuta da maƙwabci mai gatari, shekara da shekaru. Na ce a gonarmu mahaifina ne, ni kuma na taɓa gaya wa tsohon aikin banza yake yi. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi da Ingilishi, kuma ban gama ta da busasshen ido ba.

Masta ya cire tabarau ya goge. Ya shiga lalube a cikin kansa, na ga yana ɗauko kalma yana mayarwa. Can ya ce duk kalmomin da ya koya mini babu wadda ta isa wannan, ɗaya ta manta da Allah, ɗaya ta manta da mutum. Ya ce gobe bayan la'asar in zo da kaye.

Na ƙara shekara guda da rabi a gidansa. Na dawo ta Kano, na kwana Magarya, na hau kabu-kabu zuwa gida, kuma lokacin sassabe ne. Duk hanya kaina yana sama, har mai babur ya tambaye ni ko baƙo ne ni. Inna ta rungume ni, ta ce yana gona.

Na same shi durƙushe, ya ƙara tsufa, wuyansa ya yi siriri. Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu.

Ya ce, “Ka samo?”

Duk jawabin da na shirya a mota ya gudu. Na ciro waya, na nuna masa hoton gawon Bolga, wanda yanzu ya fi Masta tsawo, da tsumman rigata har yanzu a jikinsa. Na ce, “A Gana ne, Baba. Ni na yi.”

Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nisanta ta, ya matso da ita, ya daɗe yana kallo.

“Uku ka bari a kututture guda?”

Na ce, “Uku.”

“Gawo biyu yake so. Na ukun cinye 'yan'uwanshi zai yi.” Ya sake dubawa, ya bi jikin itacen da babban yatsa a kan gilashin. “Amma saran ya yi kyau. Daga ƙasa ka hauro.”

Ya miƙo mini wayar, ya miƙo mini gittar da ke hannunsa, ya nuna mini wani kututture da haɓa. Shi kuma ya juya wajen rijiya yana goge fuska da hannun riga, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa a ido.